Bango a Kan Bango

A Zongon Kumasi, shekarun da ake ta maganar samun mulkin kai, an yi wani tela mai suna Issaka. Ɗinkinsa ba laifi, amma taurin kansa ya ishi kowa. In ka ba shi shawara, ka tabbata akasinta zai yi.

Abin da ya fi so a duniya shi ne bangon tsofaffin mujallun Turawa masu zane. Yakan bi masu sayar da gyaɗa a unguwar Adum, ya ceto bangon kafin a naɗe gyaɗa da shi. Akwai guda a akwatinsa da ba ya bari kowa ya taɓa: zanen jirgin ruwa, wanda wansa Sulemana ya aiko masa daga yaƙin Bama. Sulemana bai dawo ba.

Da Sallah ta matso, Issaka ya ce sai ya lulluɓe bangon shagonsa da zanukan nan, har da na jirgin, masu karɓar ɗinki su san da wa suke hulɗa. Ya sa matarsa Adizatu, mai wanki da guga, ta dama masa sitacin rogo. Ta roƙe shi ya jira kafinta ya sa su cikin gilashi, ko da jirgin kaɗai.

"Maigida, sitacin nan abinci ne paa," in ji ta. "Kyankyasan gidan nan ba su da kunya koraa, ko kaɗan."

Ina! Ya ce me mai wanki ta sani game da zane. Don ƙarin haushi ma, ya zuba sukari a ciki, wai don ya fi kamawa.

Shago ya yi kyau, ba ƙarya. Mutane suka yi ta tsayawa kallo, Issaka yana ta hura hanci. Bayan Sallah ya kulle, ya tafi Salaga gaida dangi.

Ranar da ya dawo ya buɗe ƙofa, kyankyasai suka watse. Sun lashe sitaci, sun haɗa da takarda. 'Yan dambe ba kai, motoci ba taya. Ya ruga wurin jirgin, bai samu komai ba sai guntun hayaƙinsa manne a sama. Adizatu ta shigo da tsintsiya.

"Bar mini hayaƙin," ya ce da ita.

Darasi a nan shi ne, kada girman kai ya hana ka jin shawarar wanda ya san abu, ko da kana ganin ka fi shi. Wani abin, in ya lalace, ba kasuwar da za ka samo madadinsa.