Tagar Inna Tabawa

An yi wani mutum a wani tsohon gari mai ganuwa, sunansa Ɗayyabu. Marini ne, hannuwansa kullum a rine da shuni. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Wani bawan Allah ne kawai, irin wanda za ka gifta a hanya ko waiwaye ba ka yi ba. Ku matso, jama'a, ku saurara.

Gidansu na gado a jingine yake da ganuwa, har ma ganuwar ce bangon baya na ɗakin mahaifiyarsa, Inna Tabawa. Tsufa ya kwantar da ita, ƙafafu sun daina ɗaukarta. A bayan bangon nan kuwa, ta waje, nan gonar marigayi mijinta take, inda ta yi ƙuruciyarta tana kai masa fura a gindin wata tsamiya. Yanzu tana kwance. Muryoyin manoma suna tsallako mata, in an yi ruwan fari ƙamshin ƙasa ya shigo mata, amma idonta ba ya ganin komai sai jan bango.

Wata rana ta ce da shi, "Kai, tsamiyar nan tana nan kuwa?"

Ya ce, "Tana nan, Inna."

Sai ta ce, "Da za a fasa mini 'yar taga a nan, ko kamar faifai ce, in riƙa ganinta."

Ɗayyabu bai kwana da maganar ba, ya nufi wajen mai unguwa. Mai unguwa ya ce, "Ganuwa ba a taɓa ta haka nan. Sai ka je wajen masu kula da gine-ginen tarihi." Ɗayyabu ya ce masa to, zai jira izini. Ya je. Suka ce sai masu tsara gari sun sa hannu. Ya je can, suka ce sai an turo wanda zai duba ya auna. Ya ce yaushe? Suka ce ya je ya dawo. Ya je, ya dawo. Ya je, ya dawo. Ku da kuka taɓa neman izinin gini kun san zaman bencin nan, ba sai na faɗa muku ba.

Kullum ya shigo gida sai Inna ta ɗago kai. "An ba ka?"

"Tukuna, Inna."

Sai ta juya fuskarta wajen bango.

To, akwai wani magini a unguwar, Mati, abokinsa ne tun suna yara. Ya same shi a marina ya ce, "Malam Ɗayyabu, kai ma dai! Wa ka ga ya jira? Wancan ya fasa wa awakinsa ƙofa, wancan ƙasar ganuwar yake ɗiba yana buga tubali. Wajenku ma ta zaizaye ta yi siriri. Ga damina ta kama. Mu huda, in an tambaya mu ce ruwa ne ya ci."

Ɗayyabu ya ce, "In ce ruwa ne, alhali hannuna ne?"

"To wa zai sani?"

"Wanda ya saukar da ruwan."

Kada ku ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. A'a. Ran nan da hantsi ya leƙa ɗakin, ya tarar da Inna ta ɗora tafin hannunta a jikin bango, hawaye na bin kuncinta, ba ta san ya shigo ba. Zuciyarsa ta karye. Ya fita ya aro diga, ya zo ya tsaya, ya ɗaga ta sama. Jama'a, ya ɗaga! Sai ya ga sawun yatsu a jikin ƙasar, na mutanen da suka yi yaɓen tun kafin a haifi kakansa. Ya ce a ransa, "Wannan ba tawa ba ce ni kaɗai. Kuma da bakina na ce wa mai unguwa zan jira." Ya sauke digar a hankali, ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara.

Da la'asar ta yi sai ya durƙusa a bakin gadonta, ya juya mata baya. Ya ce, "Inna, hau."

"In hau ina?"

"Ki hau mu je gona."

Ya goya ta. Gidansu da ƙofar gari akwai tafiya, sai an bi lungu an ratsa kasuwar hatsi, a fita, sannan a sake zagayowa ta bayan ganuwa. Mutane suka tsaya kallo, wasu na murmushi, wasu na share ido. Ya kai ta gindin tsamiya ya shimfiɗa rigarsa ya zaunar da ita. Gero ya yi kore shar. Ta daɗe tana kallo, tana nuna masa inda babansa yake jingine fartanya, da inda shi kansa ya fara rarrafe.

Tun daga ranar, in dai ba ruwa ake yi ba, sai ya rufe marina da la'asar ya goya ta. A wata dawowa, tana bayansa, ta ce, "Ɗayyabu." Ya tsaya cak. Ɗan farinta ne, ku kun sani, ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi. Ta ce, "Da ka huda bangon nan, da gona kawai zan gani. Allah Ya yi maka albarka."

Sai da aka yanke gero mai dubawa ya zo. Ya auna, ya ce huda ganuwa dai ba za a yarda ba, amma an ba shi izini ya ɗora ɗaki a kan soronsa, ya fitar da taga ta saman ganuwar. Mati ya kama aiki ba ji ba gani. Amma kafin a yi rufi, Inna Tabawa ta amsa kiran Ubangijinta. Ba ta leƙa tagar ba ko sau ɗaya.

Ɗayyabu ya ƙarasa ginin. Har ya tsufa, in la'asar ta yi, za ka hango shi a tagar nan shi kaɗai, yana kallon gona, leɓunansa na motsi, yana yi mata addu'a.

Na san wani a cikinku zai ce ya makara. Bai makara ba. Taga ce ta makara. Biyayya ta isa a kan lokacinta, gaskiya ma haka. Bai yi ƙarya don ya faranta wa uwarsa ba, kuma bai fake da jiran izini ya bar ta tana kuka ba. Ya nemi hanyar halal, ko da ta fi nisa, ya bi ta da ƙafarsa.

Mu fa? Nawa ne a cikinmu suka ci hanya da katanga, suka toshe magudanar ruwa, suka rushe abin da ba nasu kaɗai ba, suka ce ai uzuri ne? In abin da kake so yana bayan bangon da ba naka ba, ɗan'uwa, ajiye diga, ka nemi izini, ka zagaya ta ƙofa. Wanda kuma tasa tsohuwar take da rai, kada ya jira komai. Ya tashi daga nan ya je ya tambaye ta me take marmarin gani. Allah Ya ji ƙan iyayenmu, Ya sa mu cika da imani.