Zanen da Ɗantani Ya Juya

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Ɗantani. Bawan Allah ne mai sayar da zanen bango, irin wanda ake bugawa a takarda a sa a firam da gilashi. Kun san su ai: ja nan, shuɗi can, layi ya karkace, ba ka gane sama ba ka gane ƙasa. Mutane na saye ne don babu mai rai a ciki, ka rataya a falo hankalinka kwance.

Shi kuwa Ɗantani akwai son sanin ƙwaƙwaf. Sai ya ƙura wa zane ido yana cewa, "Wai shi mai zanen nan me yake nufi?" Maƙwabtan rumfarsa su yi ta dariya.

To, ku saurara. Rannan Hajiya Kande ta zo sayen kayan jeren ɗakin 'yarta. Ta zaɓi zanenta, ta ce, "Malam, angon nan ba ya yarda da hoton mai rai a gidansa. Ka tabbata babu?"

Ya ce, "Babu, Hajiya. Ni na faɗa miki."

Bayan 'yan kwanaki yana goge irinsa da ya rage a rumfa, sai ya juya shi a kaikaice. Ikon Allah! Ga tsuntsu nan, baki, ido, fiffike. Ya miƙar da zanen, tsuntsu ya ɓace. Ya sake juyawa, ga shi kuma.

Wa ya sani? Babu kowa, jama'a, babu kowa. Kuma Hajiya Kande in ta juya wa rumfa baya, matan unguwa duk sun bi ta. Duk da haka ya rufe rumfa ya nufi gidan amarya, ranar jere kuwa.

Ya yi sallama a zaure, ya faɗi abin da ya gani. Aka ciro zanen daga bango aka fito da shi. Mata suka taru suna karkata wuya. Wannan ta ce kifi ne, waccan ta ce takalmi.

Hajiya ta ce, "Ni wallahi ban ga komai ba. Da ka yi shiru, wa zai gane? Me ya taso ka?"

Ya ce, "Hajiya, kin tambaye ni na ce babu. Yanzu kuwa na ga akwai."

Kuna jira in ce ta gode masa? Ba ta gode ba! Haushi ta ji, ya kunyata ta gaban dangin ango. Ta miƙa masa kayansa, ba ta ƙara taka rumfarsa ba. Ya ɗora zanen a ka ya koma, bai yi da-na-sani ba.

'Yan'uwa, amana ba ta ƙarewa ranar ciniki. Kai da ka ce motar nan lafiya lau take, ke da kika ce yaron nan ba shi da aibu, in daga baya kuka ga akwai, ku koma ku faɗa, ko da za a yi fushi da ku. Allah Ya ba mu ikon komawa.