Sarkin da Ya Sa Ido a Hannun Masallata

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni mai ganuwa da babbar kasuwa. Mutum ne mai tausayin talakawansa, sai dai idan ransa ya ɓaci ba ya jiran shawara ta nuna. Yana da waziri mai suna Tukur, mai hankali da iya magana, amma matsoraci ne, kuma shi kansa ya san da haka.

Wata ranar kasuwa, ana tsakiyar ciniki, sai wasu mutane suka faɗo da takubba da wuta, suna kabbara kamar masu aikin lada. Suka cinna wa rumfuna wuta, suka sari wanda suka sara, suka ɓace cikin daji kafin dogarai su iso. Sarki da kansa ya shiga cikin tokar, da hannunsa ya ɗauko gawar wata yarinya a rumfar 'yan daddawa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ganin dariyarsa.

Da aka shiga bincike, wani makiyayi ya ce ya hangi maharan a bakin rafi suna salla, kowannensu ya rungume hannuwansa a ƙirji. To a wannan birni yawancin mutane sakin hannu suke yi a salla, har da sarki da limaminsa. Masu rungumewa kaɗan ne, galibinsu fatake da suka yi karatu a gabas. Shekara da shekaru ana haɗa sahu kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya taɓa damuwa da inda wani ya ajiye hannunsa.

Sarki na jin maganar makiyayi ya ce ya gano maƙiyansa. Ya kwashe dogarai daga ƙofofin gari ya zuba su a masallatai, ya ce duk wanda aka ga ya rungume hannu a kama shi. Kafin mako ya zagayo hannuwan birnin nan duk sun sauka. Waɗanda suka ƙi saukewa aka tura su kurkuku, cikinsu har da Mamuda, wan Waziri, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu.

Waziri ya je kurkuku da rana tsaka, ya durƙusa gaban wansa, ya ce, "Yaya, don girman Allah ka saki hannun nan. Raka'a biyu kawai a gaban dogari, in kai ka gida."

Mamuda ya ce, "Tukur, ni ban taɓa cewa sakin hannu laifi ba ne. Da malami ne ya zo mini da hujja, da tuni na saki. Amma in na saki don bulalar dogari, wa na yi wa sallar?"

Waziri ya fito idanunsa sun yi ja. Ya so ya roƙi sarki, amma da ya buɗe baki sarki ya ce, "Kada ka kawo mini zancen ɗan'uwanka." Waziri ya fita yana jin haushin kansa.

Aka kai ɗaurarru gaban alƙali. Alƙali ya ce bai ga shaidar da ta ga ɗayansu riƙe da takobi ba, don haka ba shi da abin yanke hukunci da shi. Sarki ya ce tunda shari'a ta gaza, huɗuba za ta yi. Liman zai hau mumbari ranar Juma'a ya shaida wa jama'a cewa masu rungume hannu sun fita daga addini, ana sallamewa kuma hauni ya sare kawunan ɗaurarrun. Ranar Alhamis ya aiki Waziri ya kira Liman. Wato shi aka aika ya ɗauko bakin da zai halatta jinin wansa.

Liman Isiyaku tsoho ne tukuf, shi ya koya wa sarki alwala. Waziri ya same shi a zaure, wata mata tana zaune daga gefe ta haɗa kai da gwiwa. Da ya isar da saƙo, Liman ya jawo sandarsa ya ce, "Mu tafi. Lantana, taso, yau dai za ki shiga fada."

A fada sarki ya faɗi buƙatarsa ba kwana-kwana. Liman ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka. Kafin in ɗauki wannan kaya, ina da tambayoyi, in ka yarda."

Sarki ya ce, "Tambaya, Malam. Amma ka sani yaƙi muke ciki. Ni na ɗauki gawar yarinya da hannuna, har yau ina jin ƙaurin. Gara in ɗaure marasa laifi da yawa da in sake ganin kasuwata tana ci da wuta."

Liman ya ce, "Ban raina zafinka ba, ya sarki. Wace sura na karanta a raka'ar farko ranar Juma'ar da ta wuce?"

Sarki ya kasa tunawa. Ya dubi fadawa, kowa ya sami abin kallo a shimfiɗa. Ya ce, "Waziri, gaya masa."

Da Waziri ya ga dama sai ya ambaci kowace sura, ba mai ƙaryata shi sai tsohon nan. Amma fuskar Mamuda ta tsaya masa a ido. Ya ce, "Ya sarki, ban sani ba. Ban ji ko aya ɗaya ba. Hannuna nake gadi, kada ya manta ya hau ƙirji yadda Yaya ya koya mini ina yaro."

Liman ya ce, "Kai fa, ya sarki?"

Sarki ya ce, "Hannun na kusa da ni nake duba."

Liman ya ce, "To ka gani. Masallaci cike, amma ba a samu mai saurare ba. Ga tambaya ta biyu. Mutumin da bai ji nauyin ƙona yarinya ba, zai ji nauyin sauke hannunsa don ya tsira da wuyansa?"

Sarki ya ce, "Ba zai ji ba."

"To su wane ne a kurkukunka?"

Sarki ya ce, "Masu taurin kai."

Liman ya ce, "Waɗanda suka kasa yi maka ƙarya dai. Ka kafa tarko wanda ba ya kama kowa sai mai gaskiya."

Ran sarki ya ɓaci. Ya ce, "Magana ce mai daɗi, Malam, amma magana ba ta tsare gari. Ni aka ɗora wa amanar rayukan nan. In ba ta hannu ba, ta ina zan gane su? A goshi aka rubuta musu?"

Liman ya juya ya ce, "Lantana, matso ki gaya wa sarki."

Matar ta durƙusa ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce mai daddawa. Yarinyar da ka ɗauka 'yata ce. Na ga wanda ya cinna wa rumfarmu wuta ido da ido, kunnensa na hagu a tsage yake. Ba daji ya tafi ba, yana cikin garin nan, a unguwar majema ya sauka. Na zo ƙofar fada har ƙafata ta gaji. Kullum sai a ce dogarai suna masallaci. Ran da na sami ɗaya, ya ce da ni, 'Yaya yake salla?' Na ce ban sani ba. Ya ce in je in gano tukuna."

Liman ya ce, "Ta nuna mini shi, ya sarki, na kuma aiko, ba a isar ba. Ranar Juma'a ina huɗuba na gan shi a sahun da ke bayanka. Da ya miƙa hannu sai ya taɓa rawaninka."

Sarki ya sa aka kira sarkin dogarai, ya tambaye shi ko ya san mai tsagaggen kunne. Shi kuwa bawan Allah bai san dawan garin ba, ya ce da fara'a, "Ƙwarai, ranka ya daɗe! Ai ba mu da matsala da shi. Duk masallacin ba wanda ya kai shi iya sakin hannu."

Sarki ya rufe fuskarsa da hannun riga, ya daɗe a haka. Waziri bai san ta inda fushin zai ɓullo ba.

Da sarki ya ɗago, muryarsa ta yi sanyi. Ya ce, "Malam, da ka hau mumbari gobe ka faɗi abin da na ce, da yaya ke nan?"

Liman ya ce, "Da ba zan faɗa ba, ko da ni hauni zai fara. Waɗancan sun kashe mutane sun ce Allah ya aiko su. In kai ma ka kashe ka ce Allah ya aiko ka, talaka ba zai san wa zai guda ba, ba zai kuma san wurin wa zai gudu ba. An ba ka takobi don ka tsare hanya da kasuwa, ni an ba ni mumbari don in tuna wa mutane Ubangijinsu, har da kai. In ka ari mumbarina yau, gobe wa zai gaya maka ka yi kuskure?"

Sarki ya sauko daga karaga ya zauna a ƙasa gaban tsohon, kamar lokacin da yake koyon alwala. Ya nemi gafarar Lantana. Ya ce dogarai su bar masallatai su koma ƙofofin gari, a kamo mai tsagaggen kunne a kai shi gaban alƙali, kada a taɓa shi sai shaidu sun tabbata. Sa'an nan ya dubi Waziri ya ce, "Tashi ka buɗe kurkuku da hannunka. Ka gaya wa wanka sarki yana jin kunyarsa."

Waziri bai san lokacin da ya isa ba. Mutumin da ba a taɓa ganin yana sauri ba, ran nan yara suka ga Waziri na gudu, rawani ya kwance yana jan ƙasa. Da aka buɗe ƙofa ya faɗa jikin Mamuda yana kuka. Mamuda ya dafa kansa ya ce, "Haba, Tukur, Waziri guda? Naɗa rawaninka, mutane na kallo."

Kafin la'asar aka kama mutumin. Shaidu suka tabbata, ta bakinsa kuma aka gano maɓoyar sauran. Washegari aka yi Juma'a ba dogari ko ɗaya a ƙofa. Waziri ya tsaya kusa da wansa, ɗaya ya saki hannu, ɗaya ya rungume. Da Liman ya fara karatu, Waziri ya ji kowace aya ta shiga kunnensa, ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa.

Bayan an sallame sarki ya miƙe ya fuskanci jama'a, ya ce, "Na tsorata, tsoro kuma ya sa na zalunce ku. Ku riƙe wannan daga gare ni, ku gaya wa wanda zai gaje ni: sarki mai adalci yana tambayar hannu abin da ya aikata a kasuwa, inda ya kwanta a salla kuwa, wannan tsakanin bawa ne da Ubangijinsa."