Mutumin da Ya Gaji da Yaɓe

Akwai wani mutum mai gida a wani gari, gidan kuwa ginin ƙasa ne, gadon mahaifinsa. A cikinsa aka yanke masa cibiya, a cikinsa ya yi aure, a cikinsa 'ya'yansa suka girma suka watse, har autarsu ma aka kai ta ɗakin miji a wani gari mai nisa. Gida ya rage daga shi sai matarsa, sai rijiya a tsakar gida.

Duk wanda ya taɓa zama a ginin ƙasa ya san halinsa, ba ya barin mai shi ya huta. Kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe. A haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a hau soro a toshe inda ya tsage, a gyara indararo domin ruwan sama ya zuba nesa da gindin bango. Sa'ad da 'ya'yansa suke nan, aikin ba ya da wuya, ana yi ana raha. Amma yanzu gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, tsanin da yake hawa a guje ya zama sai ya tsaya a tsakiya ya numfasa. Mutumin nan ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

Wata shekara indararon bangon gabas ya karye. Ya ce gobe zai gyara. Goben ta yi ta haihuwar wata goben, har damina ta shigo ta fita, ruwa yana bin bango yana taruwa a gindinsa. Daga gabas kuwa hadari yake tasowa, don haka bangon gabas shi ne mai shan dukan ruwa. Da kaka ta yi, sai ga tsaga ta fito daga gindi har kusa da azarar da ke riƙe da rufi.

Ya kira wani tsohon magini. Magini ya durƙusa, ya tona gindin bangon da yatsa, ƙasa ta biyo hannunsa a jiƙe. Ya ce, "Maigida, wannan ya wuce yaɓe. Gindin ya ruɓe. Sai an tokare azara, a rushe bangon har ƙasa, a tayar da sabo."

Mutumin ya ce, "In aka shafe shi da siminti fa?"

Magini ya ce, "Zai yi kyau a ido. Amma ginin ƙasa yana shan ruwa ne yana fitarwa. In ka rufe shi da siminti, ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita, zai ci shi ta ciki. Ni dai ba da hannuna ba."

Mutumin ya sallame shi, ya zauna a bakin rijiya yana duban bangon. Ya tuna dakon ƙasa, da kwaɓi, da ƙura, da zama a gida rabi a rushe, sai ya ji ransa ya ƙi aikin tun ba a fara ba. Ya ce a zuciyarsa, "Ni da yaɓe har abada. Zan sayar da gidan nan in sayi na bulo da kwano, in huta kamar kowa."

Ya nemo dillalin gidaje, ya nuna masa komai, har da tsagar. Dillali ya yi dariya ya ce, "Dattijo, mai saye ido yake kawowa, ba ya zuwa da diga. Ka sa a shafe shi, a yi fenti, sauran ka bar mini." Aka samo wani mai aiki wanda ba ya tambaya, ya cusa tsumma da ɓaraguzai a tsagar, ya bi bangon da siminti ciki da waje, ya shafa shuɗin fenti. Bangon da ya fi kowanne ruɓewa ya zama shi ya fi kowanne kyau.

Matarsa ta tsaya tana kallo, ta ce, "Maigida, shi wanda zai saya ɗin, ba mutum ba ne?"

Ya ce, "Na gaji." Iyakar amsar da ta samu ke nan.

Wani ɗan kasuwa ya zo ya ga gida, ya shafa bangon gabas da tafin hannu, ya yaba. Shi ba zama zai yi ba, 'yan haya zai zuba. Ranar ciniki, a gaban mai unguwa da shaidu, aka tambayi mutumin ko gidan yana da wani aibi. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ga shi dai kuna gani." Ya koma yana lallashin kansa cewa ai bai yi ƙarya ba.

Sai aka zo ƙaura, a nan ne ya san tashi ma yana da haƙora. Dillali ya cire la'adarsa a gidan da aka sayar, ya sake cirewa a wanda aka saya. Mai mota ya ga yawan kaya ya ƙara kuɗi, 'yan dako suka ga nisan hanya suka ƙara nasu. Randar da matarsa ta gada daga uwarta ta fashe a wani gargada, ta tsince gutsattsarin a zaninta. Gadonsu na katako ya ƙi shiga ƙofar sabon ɗaki, sai da aka yanke masa ƙafafu. Sabon gidan yana can bayan gari, babu rijiya, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Da rana kwano ya ɗau zafi, ɗaki ya zama kamar tanda. Majami'ar da suke zuwa da ƙafa ta zama sai an hau abin hawa. Abin da ya rage daga kuɗin gidan ya yi ta tsiyayewa ta nan da ta can, hutun da ya saya kuwa bai gan shi ba. An gudu ba a tsira ba.

Ana nan, bazara ta yi, iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ruwa. Wata rana da hantsi sai ga autarsa ta yi sallama, da goyo a baya, da yara biyu a gefe, fuskarta cike da murna. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, na zo da albishir. An dawo da maigidana aiki garin nan. Muna neman haya, sai aka kai mu wani gida, ina ɗaga ido na ga gidanmu ne! Na ce masa ko nawa ne, nan nake so. Mun riga mun tare tun shekaranjiya, na ɓoye ne don in ba ku mamaki."

Mutumin ya dube ta. Ya ce, "Wane ɗaki kuka kama?"

Ta ce, "Na gabas mana, wanda ka gyara. Maƙwabta sun ce kai da kanka ka sa aka yi masa siminti. Na ce tunda aikin Baba ne, babu abin dubawa. A jikin bangon na shimfiɗa wa jikokinka."

Matarsa ta dube shi, shi kuwa ya dubi gabas. Can ƙasa-ƙasa, sama ta fara yin baƙi.

Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta kama shi, suka yi ta ja a cikin ƙirjinsa. In ya yi magana, 'yarsa za ta san abin da ubanta ya aikata, surukinsa zai sani, mai unguwa da shaidu za su sani. In ya yi shiru, ruwan fari zai sauka a kan bangon da jikokinsa suke kwance a gindinsa. Ya dubi ƙaramar da ke goye, tana barci da yatsa a baki. Ya tashi, ya ɗauki guduma, ya ce, "Ku zo mu je."

Ya biya ya kira ɗan kasuwar da ya sayi gidan, ya kira tsohon magini. A gabansu, da 'yarsa da mijinta, ya faɗi abin da ya yi, bai rage kome ba. Sa'an nan ya sa aka fitar da shimfiɗar yara, ya ɗaga guduma ya bugi gindin bangon. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo a ƙafafunsa, tsumman da aka cusa ya leƙo. 'Yarsa ta rungume yaranta, ta ce, "Baba!" Shi kuwa bai iya dubanta ba.

Ɗan kasuwa ya ce ba zai ƙara ko sisi ba, wanda ya ɓata shi zai gyara, gaskiya kuwa ya faɗa. Sai mutumin ya sayar da akuyoyin matarsa da kekensa, aka tokare azara, aka rushe bango har ƙasa. Da yake babu abin biyan lebura, shi ya yi dakon ƙasa a kansa, shi ya taka kwaɓi da gwiwoyin nan da suka ƙi, ana aiki ana duban hadari. Aikin da ya guje wa a gidansa, ya yi shi duka, har da ƙari, a gidan wani. Ranar da aka ɗaura sabon indararo, ruwan fari ya sauko. Ya zauna a bakin rijiyar da ba tasa ba yanzu, jikinsa duk ciwo, yana kallon ruwa yana zuba nesa da gindin bango, jikokinsa suna wasa a cikin ɗaki.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Gidan nan rayuwarka ce. Karyayyen indararo shi ne ƙaramin laifin da ka ce gobe za ka gyara: fushin da ka kwana da shi, ƙaryar da ta zama maka sabo, addu'ar da ka bari. Tsohon magini maganar Allah ce, wadda take gaya maka gaskiya ko ba ka so, tana cewa sai an tono har gindi. Dillali kuwa muryar nan ce mai cewa mutane ido kawai suke kawowa. Siminti da fenti su ne kyakkyawar rigar Lahadi, da waƙa da babbar murya, da "lafiya lau" da muke amsawa alhali ciki ya ruɓe.

Na san da yawa a cikinmu ba mugunta ce take sa mu shafe tsaga ba, gajiya ce. Mun gaji da neman gafara, mun gaji da gyaran aure, mun gaji da yaƙi da hali ɗaya shekara da shekaru. Sai mu ce bari mu sauya ikilisiya, mu sauya gari, mu sauya abokai. Ubangiji ya san gajiyarka, ba ya kuma raina ta. Amma kawo masa ita za ka yi, ka ce, "Ga tsagar, ni na kasa." Shi ba ya shafe ruɓa, rushewa yake yi ya gina sabo, yana kuma tokare rufin kada ya faɗo maka a ka sa'ad da ake aikin. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mutumin nan ya sami jinƙai, gama an gaya masa tun ruwa bai sauko ba. Ba kowa ne yake samun wannan ba. Abin da ka rufe ka bari a baya ba ya zama kango, wani zai shiga ya zauna, sau da yawa kuwa naka ne. 'Ya'yanmu ba sa ƙwanƙwasa bangon da muka bar musu, cewa suke yi aikin Baba ne, aikin Mama ne, su shimfiɗa tabarma a gindinsa. Kafin ka fita daga nan yau, ka tambayi kanka wane bango ka shafe, wa kuma yake kwance a ƙarƙashinsa.