Amyar Nomau a Kan Ɗorawa

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, muna ji.

Wani mutum ne wai shi Nomau. Ba shi da komai sai ɗorawa guda a gona, da kalwarta tsohuwarsa ke yin daddawa su ci abinci. Ran nan Sarkin Sassaƙa ya zo ya dafa ɗorawar, ya ce sarki na son turame, nan da kasuwa uku zai sare ta. A garin nan kuwa, itacen da zuma ta zauna kaɗai gatari ba ya taɓawa.

Nomau bai taɓa kafa amya ba, ga shi da girman kai, ba ya tambaya. Ya saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da farar ƙasa fes, ya rataya. Sarkin Zuma ya zo da jama'arsa, ya leƙa, ya ce ɗaki ya yi kyau amma ba nasu ba ne. Suka wuce. Kasuwa ɗaya ta ci.

Ya saƙa wata, ya turara ta da turaren wuta. Sarkin Zuma ya leƙa, ya yi atishawa, ya ce su ba amare ba ne. Suka wuce. Kasuwa biyu ta ci.

Nomau ya zauna a gindin ɗorawa yana hawaye. Wata tsohuwar saniya da ke kiwo kusa ta ɗago kai.

"Ɗan nan, shafe amyar da kashina. In ta bushe, ka turara ta da busasshensa."

"Haba Iya, baƙin sarauta zan saukar a kashi?"

"To zauna da tsabtarka, su zo da gatarinsu."

Ya toshe hanci ya shafe. Ya shanya, ya turara, ya rataya. Shiru. Shiru har ranar kasuwa ta uku.

Da hantsi sai ga Sarkin Sassaƙa. Ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga gatari. Sai buuu daga sama! Ashe tun asuba zuma ta tare. Gogan naku ya yar da gatari, ya yi gida yana marin kunnuwa.

Nomau ya zube ƙasa yana dariya, yana hamdala, zuciyarsa ta yi sanyi. Guda ta harbe shi a hanci, ya ce ya gode.

Ku ji nan yara, in za ku saukar da baƙo, ku nemi abin da shi yake so, ba wanda ku kuke so ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ƙarya na shara muku, amma zumar da zaƙi.