Tafintan Wata Uku

Akwai wani tela a kasuwar Bodinga da ake kira Maniru, zamanin mulkin farar hula na biyu. Asalinsa mutumin wata tunga ne a ƙasar Lambara, inda mahaifiyarsa Inna Kulu take zaune. Ruwa shi ne bala'in tungar nan. Da rani sai tsofaffi da 'yan mata sun yi tafiyar kusan awa biyu da tulu a ka kafin su samo na sha.

A shekarar 1981 wani kamfani na Turawan Sifen ya samu kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse, kowane ƙauye rami ɗaya tak. Shugaban ma'aikatansu, wani dattijo mai suna Anselmo, ya riƙa kawo wa Maniru ɗinki. Ingilishin Anselmo gurgu ne, na Maniru ya fi shi gurguncewa, don a aji huɗu ya bar firamare. Ganin telan yana son yarensu, sai ya ba shi wani ɗan littafi mai hotuna.

Gaskiya Maniru akwai kai. Cikin wata uku ya iya gaisuwa da Sifaniyanci, ya iya ƙirga zuwa ɗari, ya san sunan tufafi da na abinci. Yana taka keke yana ba abokai labari.

"Yaren nan ba wuya," in ji shi. "Yadda anka rubuta haka ake karantawa. Kuma su ma suna ƙailula bayan azahar, kamar mu."

Har nan lafiya lau. Amma sai kai ya fara kumbura.

"Su ba su ɓata lokaci wurin gaisuwa. Kalma guda, an wuce wurin. Mu ko sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, har awaki sai an tambaya!"

Ana nan sai tafintan kamfanin ya kwanta ciwo, aka mai da shi Legas, ga shi aiki ya iso kan tungar su Maniru. Anselmo ya tambaye shi ko zai iya tsayawa tsakaninsa da dattawa. Maimakon ya ce kaɗan na sani, gogan naku ya buga ƙirji ya ce zai iya.

Ran da suka je, ya sauko daga gaban mota da tabarau, mutanen gari sun yi cincirindo. Turawan sun riga sun kafa turke a kan tudun da ke bakin gari, don nan babbar mota za ta fi samun hanya. Amma Anselmo yana da ɗabi'a guda: ba ya sa inji a ƙasa sai ya tambayi tsofaffin wurin ko an taɓa gina rijiya a nan.

Aka kira Baffa Mainasara, ƙanen mahaifin Maniru, wanda ya shekara arba'in yana ginar rijiya. Tsohon ya tuɓe takalmi, ya yi wa baƙo barka da zuwa, ya yi addu'a, sannan ya ɗauko zance tun daga tushe.

"Ɗana, ka gaya mishi rijiya ukku munka gina bisa tudun ga, ni da tsohonmu. Duk ukkun baƙin dutse munka iske. Ruwa na can gindin tsamiya, bakin fadama. Rairayi ne ke rufta muna rami, shi ya sa mu munka kasa. Ƙarfensu ba ya ruftawa."

Maniru ya ji komai sarai. Sai dai a cikin littafinsa babu dutse, babu rairayi, babu rufta. Ya duba, ga idon gari duka a kansa. A ce ban iya ba a gaban waɗannan? Ina!

"Baffa, taƙaita mana, Turawa ba su son dogon zance," ya ce. Ya juya wurin Anselmo ya ce, "Todo bien." Wato komai lafiya.

Anselmo ya yi mamakin yadda doguwar magana ta koma kalma biyu. Maniru ya nuna masa ai duk gaisuwa ce.

"Ka ko gaya mishi batun dutsen?" in ji Baffa.

"Na gaya mishi. Ya ce injinsu bai san dutse ba."

Tsohon ya yarda. Ɗan ɗan'uwansa ne, don me zai ƙaryata shi?

Kwana goma sha tara inji yana kuka a kan tudun nan. Baƙar ƙura kawai yake fitarwa. Sau biyu bakin ƙarfen yana karyewa. Kullum Inna Kulu sai ta zo ta tsaya daga nesa tana kallo, ta ce wa mata, "Ɗana ne ke yi musu magana."

Kafin a yi shawarar canza wuri, farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Takarda ta zo cewa an tsai da kwangila, a kwashe kaya.

Ran da ake ɗaure injin, Baffa Mainasara bai nemi tafinta ba. Ya kama hannun Anselmo, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa a kan tudun, ya ɗaga yatsu uku. Ya ja shi har gindin tsamiya, ya sa hauya ya tona kamu biyu, ya damƙo rairayi mai danshi ya zuba masa a tafin hannu.

Baturen ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya dubi Maniru, ya yi magana a hankali da kalmomin da ya san zai gane.

"Ya faɗa maka?"

Maniru ya sunkuyar da kai. Anselmo bai zage shi ba. Ya shiga mota suka tafi, kuma daga ranar ba su dawo ba.

Labari ya game tunga kafin la'asar. Wallahi abin da ciwo. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Da yamma Maniru yana zaune a bakin busasshen ramin, sai ga Inna Kulu ta dawo daga ɗibar ruwa, tulu a ka, ƙafafu duk faso. Ya miƙe zai karɓa, ta kauce.

"Maniru, da yaren nasu mi ake ce ma ruwa?"

"Agua, Inna."

"To madalla. In ƙishirwa ta kama ka, sai ka faɗe shi ka sha."

Ta wuce cikin gida. Shekara shida ta ƙara tana wannan tafiyar, kuma har Allah ya karɓi ranta ba a yi burtsatse a tungar ba.

Darasi: Koyon yaren wasu alheri ne, amma mai koyo kada ya ji kunyar cewa "ban sani ba". Kunyar minti ɗaya Maniru ya guje wa, ya bar garinsu da ƙishirwar shekaru. Ku tura wa duk wanda ya fara koyon wani abu, tun kafin kansa ya fi iliminsa girma.