Zabuwa da Walimar Masu Kanta

"Ku matso kusa da wuta. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Can da, lokacin da zumunci ke da daɗi, akwai wani rafi da ya raba garin dabbobi da gonakinsu. Sai suka yi gayya suka kafa kadarko a kansa. Giwa ta jawo gumagumai, Ɓauna ta kafa su, Raƙumi ya ɗauro igiya. Kowa ya zo ya haye, ɗan gari da baƙo, ba mai tambayar sa ko ɗan wane ne. Kai, zamani ya wuce!

To, akwai wata tsohuwar Zabuwa. Ba ta iya ɗaukar ko reshe, amma kullum da asuba takan bi ƙafafun kadarkon ɗaya bayan ɗaya tana tsince gara, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Ba wanda ya sa ta. Daɗi kawai take ji in ta ga an haye lafiya.

Ran nan Gizo, wanda ko tsinke bai ɗauka ba, ya je wurin Giwa. "Ranki ya daɗe, waɗanda suka sha wahala ai sun cancanci walima tasu su kaɗai. A kewaye da zana, ni zan tsare ƙofa. Sai mai kanta a kafaɗa zai shiga."

Giwa ta ce, "Wannan gaskiya ne."

Ranar farko Zabuwa ta yi wanka ta gyara zanenta, ta zo da murnarta.

Gizo ya ce, "Inna, ina kantarki?"

"Da baki nake aiki, ɗan nan."

"Da baki? Ai kowa ma da baki yake aiki in an kawo tuwo. Gaba!"

Rana ta biyu ta ƙunso gara a ganye don shaida. Gizo ya kwashe da dariya. "Wannan ai abincinki ne! Kin ci kin ƙoshi, kuma kina neman lada?"

Rana ta uku ta ce, "To, bar ni in tsaya bakin zana in ji kiɗa."

Gizo ya lashe miya a yatsa ya ce, "Kiɗan ma na masu kanta ne."

Zabuwa ta koma gida, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Da asuba ta yi, ta yunƙura za ta fita, sai ta fasa, ta koma ta kwanta. Haka gobe, haka jibi.

Gara kuwa ta samu sake. Damina na tsaka, Ɓauna ta hau kadarko da damin ciyawa, sai ji aka yi rugum! Da ƙyar aka tsamo ta. Gonaki na can, masu su na nan.

Giwa ta tara jama'a. "Shekara nawa kadarkon nan yana tsaye, me ya same shi?"

Sai Kwaɗo ya leƙo daga ruwa. "Ni dai tun ranar da kuka yi walimarku ban sake jin ƙwas-ƙwas ɗin asuba ba."

Aka waiga neman Gizo, ya riga ya haye rufin ɗaki.

Giwa da kanta ta ɗauki akushin tuwo ta tafi gidan Zabuwa. "Inna, ki yi haƙuri. Ga rabonki. Ki dawo mu sake kafawa."

Zabuwa ta dubi akushin. Sai ta ce, "Ranki ya daɗe, ba yunwa ta kai ni ƙofarku ba. So nake in zauna cikinku a ce mini sannu da aiki. Da kin zo kafin ya karye, da na yarda don ni kika zo."

Ta kaɗa fukafukai ta shige daji. Shi ya sa har yau zabuwa ba ta sakin jiki da gida, ko an zuba mata tsaba sai ta ci tana waige.

Kun ji, jikokina. Aikin da aka yi don kowa, hannuwan da ke cikinsa sun fi waɗanda ido ke gani. In za ku gode, ku gode a fili, kada ku kafa zana, don mai tsaron ƙofa bai san wanda ya tashi da asuba ba.

Ƙungurus kan kusu. Maza kowa ya nemi tabarmarsa.